Ɗumin Tafin Hannun Mama

Yau aka kawo mana sababbin robobi sirara masu laushi, waɗanda ake haɗa jarirai da injin taimakon zuciya da huhu da su. Ina taɓa ɗaya na tuna marigayiya Mama, shugabarmu a ɗakin yara na asibiti.

A zamaninta ko robar ƙarin ruwa ta manya ce, sanyin Jos kuma yakan sandarar da ita. Sai ta riƙe ta cikin ledarta tsakanin tafukanta, tana murzawa a hankali.

Wata safiya na ƙosa: "Mama, yaron nan yana jira fa!"

"'Yata, jijiyarsa ba ta fi zare ba. Bari ta yi laushi."

Yaron nan yanzu tumatir yake sayarwa a Farin Gada.

Mama, robobi masu laushin sun iso. Allah ya tausasa miki makwanci yadda kika tausasa wa yara.