Shekarar da na hana Baba zuba toka

A shekarata ta biyu a makarantar koyon aikin gona, ji nake duk garinmu Madakiya babu mai kai irin nawa. Na ɗebi ƙasar gonar cittarmu a gwangwanin madara na kai wa malaminmu. Ya jiƙa ta, ya auna ruwan, amma ya ƙi ba ni amsa a tafin hannu. Ya rubuta mini yawan sinadarin haidirojin da ke ciki, ɗaya bisa dubu goma, ya ce in lissafa tsamin da kaina.

Lissafin ba wuya. Ka ƙirga sifirin da ke ƙasan layi, guda huɗu, to ma'aunin tsamin huɗu ke nan. Abin da ya shige mini duhu shi ne, a wannan ma'auni ƙaramar lamba ita ce tsami mai yawa. Ni kuwa na ce huɗu ai ba komai ba ce, tunda ma'aunin har goma sha huɗu yake kaiwa.

Da na zo hutu na tarar Mama ta tara tokar murhu ta rani guda a kwanduna, yadda ake yi kowace shekara kafin dashen citta. Na miƙa wa Baba takardar lissafina, na ce wahalar banza ce, ƙasarmu ba ta da tsamin da toka za ta kashe.

Baba, da bai san ko bihim ba, ya juya takardar a hannu. "Takarda ne ya faɗa haka?"

"Lissafi ne, Baba."

"To, a bar toka."

Mako biyu da komawata makaranta na gano kuskurena. Da na aika wasiƙa da an gyara, amma girman kai ya riƙe mini hannu.

Gab da Kirsimeti muka tono cittar, ƙanana kamar yatsun jariri, ba ta kai rabin ta bara ba. Maƙwabcinmu, dattijon ikkilisiya, ya tsaya a bakin gona ya kalle ni yana murmushi. "Aikin ɗan makaranta ne wannan?"

Baba bai ɗago ba. "Yaro bai yi komai ba. Ƙiwuya ne ya kama ni, ban zuba toka ba."

Baba fa, mutumin da rana ba ta taɓa fito masa a ɗaki ba. Kunya ta rufe ni. Ina tsaye da kwando a hannu aka yi masa dariya, ban buɗe baki ba.