Ragon da Baba Tsoho Bai Yanka Ba

Har yau idan na ji ana wasa wuƙa a kan dutse, gidanmu na unguwar Ranuna a Madina nake tunawa, da kakanmu da muke kira Baba Tsoho.

Ɗan mahauta ne daga ƙasar Nijar. Faransawa suka kama shi soja yana saurayi, suka tsallaka teku da shi zuwa babban yaƙin Turawa na farko. Da aka sallame su zaman gida ya gagare shi, ya bi ayarin alhazai a ƙasa har Madina, a nan aka haifi babanmu. Yakan kira ni amaryarsa, ni kuma in ce ba na auren mara haƙora.

Lokacin zafi, in an yi la'asar, kakarmu Iya takan yayyafa ruwa a tsakar gida, ƙamshin ƙasa ya tashi, mu jikoki mu kewaye tsohon a gindin dabino. Bai san gizo da ƙoƙi ba. Labarin sarakunan Turawa yake ba mu, wanda ya tsinta a bariki, ya kuma raba wa fadawansu sarautun Hausa, wannan Waziri, wancan Galadima. Ya ce Faransawa da yunwa ta ishe su suka ɗora sarkinsu a amalanke, suka kifa shi ƙarƙashin wata wuƙa mai faɗowa daga sama, ana buga ganguna don kada a ji bakinsa, aka ɗaga kan da gashi jini na zuba. Ya ce bayansa wani soja ya naɗa kansa sarki, ya kwashi jama'a zuwa ƙasar ƙanƙara, har mutane suna farke cikin dawaki su cusa hannu don ɗumi. Sarkin Rasha kuwa a ɗakin ƙasa aka harbe shi da matarsa da 'ya'yansa. Sarakunan da suka yi yaƙin zamaninsa ma, in ji shi, 'yan uwan juna ne kamar mu, amma suka bar wazirai na rabon ƙasashe a tebur, 'ya'yan talakawa na ruɓewa a rami.

Yana faɗa yana dariya, yana sara cinyarsa da gefen hannu. Iya ta yi ta faɗan zai hana yara barci, mu kuwa mu ce a ƙara.

Amma mutumin nan ko kaza ba ya yankawa. In za a yi yanka sai ya ɗauki sandarsa ya nufi masallacin Ƙuba. Mun sha tsokanarsa da cewa jarumtarsa a baki take, ni ce ma kan gaba.

Wata babbar salla babanmu yana aiki can garin Yanbu, ba a ba shi hutu ba. Mazan unguwa duk sun tafi hidimar alhazai. Mahaucin da ya yi alkawari ya yi ta gobe, gobe, har ranar ƙarshe ta layya ta zo, rana ta karkata, rago na ɗaure. In rana ta faɗi ba a yanka ba, ya zama nama kawai. Iya kuwa tun da aka yi aurenta layya ba ta taɓa wuce gidanta ba. Ta wasa wuƙa da kanta, ta ajiye a gabansa, ta ce, “Malam, jazzar, mahaucin nan, ba zai zo ba, halas, shi ke nan. Kai kaɗai ne namiji a gidan nan.”

Ya daɗe yana kallon wuƙar kafin ya tashi. Yadda ya kayar da ragon da hannu ɗaya, ya juya shi alƙibla, ya take ƙafafun, a nan na yarda ɗan mahauta ne. Ya kama maƙogwaron, ya ɗora wuƙa. Ya buɗe baki zai yi bisimilla, bakin ya ƙi. Wuƙar ta zame ta tsaga fata, jini ya fara bin farin gashin, ragon yana shure-shure. Sai ya zube a ƙasa ya zauna.

Ba mu yake kallo ba da ya fara magana. Ya ce adda aka ba su, aka ce su faɗa ramin Jamusawa kada su bar mai rai. Ya samu wani yaro ko gemu bai fara ba, yaron ya yar da bindiga, yana roƙo da yaren da bai sani ba. Ya kayar da shi, ya take shi, ya kama wuyan kamar yadda ubansa ya koya masa a mayanka.

“Da shiru na yi da sauƙi,” ya ce. “Hannu ya saba, baki ya saba. Sunan Allah na ambata a kansa, na yi kabbara, kamar rago.”

Iya ba ta yi mamaki ba, na gane ta daɗe da sani. Ta zare wuƙar daga hannunsa, ta ce, “Tashi ka shiga ciki, Malam.” Ta ce in riƙe ƙafafun baya. Ta yi bisimilla ta yanka, jini ya tsarto har fuskata, mai ɗumi. Ranar na fara ganin mace ta yi yanka, ranar kuma na fara jin tausayin babba har na yi kuka.

Yanzu a unguwar Aƙiƙ nake zaune, a bene, ta waya muke biyan layya, ragon ma ba ma ganinsa. Kwanan baya autana yana haddar tarihin yaƙin nan na Turawa don jarrabawa, da sunayen sarakuna da waziransu a jere. Ina masa Hausa yana mayar mini da Larabci, ya ce in gwada shi, in tambaye shi wa ya ci yaƙin. Na tambaye shi, ya ce ɓangaren Faransa. Na ce ɓangaren kakana ke nan, amma shi ban taɓa jin ya ce sun ci ba.