Bidiyon Raguna Ashirin da Uku

Shekarar da aka yanko Jihar Zamfara daga Sakkwato, Zakariyya ɗan Gurbin Bore yana da shekara goma sha tara da rago ɗaya. Ragon ma na Gwaggo ne, ƙanwar mahaifinsa, ita ta ba shi kiwo. A wurinta ya koyi sana'ar: a sayo ramammen rago tun Layya na da nisa, a ɗaure shi a turke, a yi ta ɗura masa harawa da dusa da ƙowar wake, a jefa 'yar kanwa a ruwansa, in Sallah ta matso a kai shi kasuwar Shinkafi.

Ta kuma koya masa abin da ta ɗauka ya fi harawa muhimmanci, wato ba a faɗin yawan dabba. Turke yana can ƙuryar gida bayan rumbu. Duk wanda ya tambayi mai kiwo nawa gare shi, amsa ɗaya ce: 'yan kaɗan ne, alhamdu lillahi. A zamanin Gwaggo saboda bakin mutane ake yin haka. Daga baya dalilin ya sauya, amsar ba ta sauya ba.

Ranar da aka ƙaddamar da Shari'a, Zakariyya ya hau bayan a-kori-kura har Gusau, ya wuni cikin rana, ya dawo yana gaya wa mutane cewa nan gaba akuya za ta kwana bakin hanya ba mai taɓa ta. Da zuciya ɗaya ya faɗa. Ya auri Rekiya, suka haihu, Gwaggo ta rasu, turaku suka ƙaru. Sai 'yan bindiga suka cika dajin. Zuwa kasuwa ya zama tafiyar da ake yafe wa juna kafin a hau babur, masu saye daga Kudu suka ɗauke ƙafa, farashi ya zama abin da dillali ya ga dama.

Emeka ne ya kawo masa labarin wata bita. Emeka yana da shagon maganin dabbobi a Kaura Namoda, a garin aka haife shi, kuma shekara goma sha biyar Zakariyya na sayen maganin tsutsa a hannunsa. Ya ce wata ƙungiya ta kawo mai koyar da talla ta waya nan Kaura, kwana biyu, kyauta. Mutum zai sayar da ragonsa yana zaune gida, mota ta zo ta ɗauka.

Mai koyarwar, Fahad, matashi ne mai fara'a da ya zo daga Abuja da majiginsa. Ya ce zamanin hoto ya wuce, yanzu bidiyo ake yayi. Mai saye ba ya yarda sai ya ga fuskar mai kaya. A nuna kaya da yawa, don yawa ke sa a san mutum ba ɗan damfara ba ne. A faɗi suna, a faɗi gari, a sa alamar gida a taswira. A yi haka kullum.

Zakariyya ya ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, mu nan ko maƙwabci ba mu gaya mai yawan dabba. Wanga bidiyo, wa da wa ka ganin shi?"

"Kowa da kowa, Baba. Ai daɗin abin ke nan."

Aka yi dariya. Fahad ya ƙara da cewa irin wannan camfi na tsoron kambun baka shi ya hana 'yan kasuwarmu ci gaba. To, ba kambun baka Zakariyya ke nufi ba, kuma rabin ɗakin sun san haka. Sai dai a wannan yanki ba a ambaton mutanen daji cikin taro, domin ba wanda ya san wa zai kai rahoto kafin la'asar. Kowa ya sunkuyar da kai. Shi kuma mutum mai furfura, an kira shi mai camfi gaban yara, kunya ta sa ya sauke hannunsa. Wanda aka ɗauko tun daga Abuja don ya koyar da mutanen Zurmi da Shinkafi bai tambayi ko mutum ɗaya yadda ake kwana a garuruwan ba.

Rekiya ta ƙi riƙe wayar. Ta ce ita ba da hannunta za a tone turken Gwaggo ba. Sai ya jingina wayar a kan turmi. Ya wanke ragunan da sabulu, ya jero su tsakar gida, ashirin da uku, balami da uda, ya tsaya gabansu da sabuwar hula. Ya faɗi sunansa, ya faɗi garinsu, ya ce gida na uku bayan rijiya. Emeka ya ɗora a Fesbuk da Tiktok.

Gaskiya ita ce dabarar ta yi aiki. Cikin kwana huɗu an kira daga Kaduna, an kira daga Ibadan, raguna shida sun samu masu so a farashin da bai taɓa ji ba a Shinkafi. Har ya fara yi wa Rekiya tsiya.

Rana ta biyar, bayan la'asar, yana yankan harawa wayar ta yi ƙara. Mai kiran ya yi gaisuwa cikin ladabi, ya tambayi iyali.

"Mun ga raguna, ma sha Allah, ashirin da uku. Balamin nan mai baƙin kunne na kusa da rumbu, a aje muna shi da goma cikin 'yan uwanshi. Jibi muna tahe."

Zakariyya ya tambaya daga wane gari ake magana.

"Ba mu da nisa, Malam Zakariyya. Ai kai ka nuna muna ƙohwa."

Zakariyya ya aje lauje. Da ya gaya wa Rekiya ba ta ce ai na faɗa maka ba, tashi kawai ta yi ta fara ɗaure tukwane. Ya san in ya ba da sha ɗaya, za a dawo neman sha biyun, daga nan kuma a nemi shi kansa. Washegari da hantsi Emeka ya turo motar da ke kawo masa dusa. Aka loda raguna da yara da Rekiya da abin da ya samu wuri. Raguna biyu suka mutu a hanya saboda matsi da zafi. Mutanen suka zo ranar da suka ce, suka tarar da turaku ba kowa, suka cinna wa rumbu da harawar wuta. Tun daga ranar Zakariyya bai ƙara kwana a gidan da aka haife shi ba.

A Kaura ya kama wani fili bayan shagon Emeka. Bai jefar da wayar ba, domin da ita yake ci. Amma ya goge bidiyon, ya fito da tasa hanyar. Turke ɗaya ne, da shuɗin tamfol a baya, ba bango ba itace. Rago ɗaya yake ɗaurewa, ya buɗe masa baki a ga haƙora, ya zagaya da shi a ga tafiyarsa, hannun Zakariyya kaɗai ke fitowa. Ta Wasap yake turawa, kuma sai ga wanda wani tsohon mai saye ya gabatar. Cinikin bai kai na waɗancan kwana huɗu ba, amma yana tafiya.

Shekara na zagayowa Muhtari, wani dillali abokinsa, ya gaya masa an sake kawo bitar, wannan karon a Shinkafi, kuma bidiyonsa ake haskawa a matsayin misalin wanda ya ji magana ya ci riba. Fahad ya adana nasa kwafin.

Zakariyya ya hau babur ya bi hanyar da ya rantse ya bar ta. Ya shiga ɗakin ya tsaya daga baya. Ga gidansa a jikin bango, ga rumbun da ya zama toka, ga shi kansa da sabuwar hula yana murmushi yana cewa gida na uku bayan rijiya. Fahad na bayanin cewa mutum dubu arba'in suka kalla.

"Malam," in ji Zakariyya, "gaya musu inda rumbun nan yake yanzu."

Fahad ya gane shi, ya yi murna, ya ce a tafa wa Baba. Ba wanda ya tafa, domin Zakariyya ya riga ya fara magana. Ya faɗi abin da ba a faɗa cikin taro, da sunansa: kiran la'asar, da balami mai baƙin kunne, da wutar. Fuskar Fahad ta canza. Ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai, amma wannan matsalar tsaro ce, shi talla aka turo shi ya koyar.

"To koyar da tallarka. Amma hidda gidana daga bango."

Bai fita ba sai da Fahad ya goge bidiyon a gabansa, daga kwamfuta da kuma waya. Da ya fito, mutum huɗu suka biyo shi har gindin babur, cikinsu da wata mai sayar da man gyaɗa da ta riga ta ɗauki bidiyon jarkokinta a daren jiya. Ya nuna musu tamfol da turken a wayarsa.

Gonarsa ta Gurbin Bore damina uku ke nan tana fitar da ciyawa. Rekiya har yau ba ta kwance wasu tukwanen ba. Makon jiya wani mai saye daga Kaduna ya ga ragon da aka tura masa, ya yaba, ya tambaya ko akwai irinsa da yawa. Zakariyya ya ce 'yan kaɗan ne, alhamdu lillahi.