Sanyin Muryar Gaëtan

Ƙanena Gaëtan Roumieu yana da wata murya da na tsana. Ba ta gida ba, wadda yake zagin alƙalin ƙwallo da ita. Wannan mai sanyi ce, a shimfiɗe, kamar ta mai karanta farashin albasa a rediyo. A sojan sama suka koya masa ita. Aikinsa gwajin sababbin jiragen yaƙi ne, waɗanda ba wanda ya taɓa tashi da su, kuma dokar masu wannan aiki ita ce duk abin da jirgi ya yi sai ka faɗa wa na ƙasa, ko da kai da shi kuna faɗuwa ne. Ya taɓa kunna mini kaset na ranar da injinsa ya kama da wuta a kan filin Crau. Ina ji yana cewa, "Wuta a injin dama. Jirgi na juyawa hagu. Zan gwada kaza." Wallahi sai ka rantse kofi yake jira a kawo masa. Tun ranar na gane cewa in muryar nan ta yi sanyi, to abin ya ɓaci.

Ni Solange, ni na goya shi, don uwarmu tana bakin tanderu tun asuba a gidan burodinmu na garin Miramas, wanda yanzu yake hannuna. Yaro ne da in jirgi ya wuce sai ya saki duk abin da ke hannunsa, ko da ƙwai ne. Na sha yi masa duka a kan haka, a banza.

Da aka zaɓe shi cikin 'yan sama-jannati, duk garin nan sai da ya zo cin burodi kyauta. Sai kuma jira. Kai, jira! Ya koyi Rashanci, an juya shi a inji har ya yi amai, an jefa shi teku, an ajiye shi cikin ƙanƙara. Duk tafiyar da ta taso sai a ce wani ne. Furfura ta fito masa, matarsa Maïté ta gaji da amsa wa maƙwabta. 'Yan wasan ƙwallon ƙarfe na filin gari suka sa masa suna Sai-Baɗi. Yana dariya, amma ni na san abin yana cinsa.

A ƙarshe dai aka ba shi kujera, shi da mutum biyu a kumbo ɗaya, kuma kowa ya san a shekarunsa ba za a sake ba shi wata ba. Ya zo gida hutu kafin tafiya. Ranar Lahadi yana filin wasa, ya haɗa ƙafafu cikin da'ira zai yi jifa, sai kawai ya karkace ya zube kamar buhun fulawa. Mutane suka fashe da dariya, wai Sai-Baɗi ya fara shan giyar murna. Gaëtan ko ɗigo bai sha ba.

Na ja shi bayan shago. "Kai, me ke damunka?"

"Jiri ne, Yaya. Kunnen hagu. Ya ɗan kwana biyu."

"Likitanku ya sani?"

Ya dube ni kamar na zage shi. Matuƙan jirgi ba sa faɗa wa likita gaskiya, kowa ya san wannan. Likita ba ya ƙara maka komai, sai dai ya sauke ka. Na ga waɗanda suka tashi da karyayyen haƙarƙari suna murmushi.

Ni da na yi rayuwata ina roƙon Allah ya raba shi da jirgi, sai ga ni na fi kowa haukan ɓoye zancen. Na kai shi wurin wani likitan kunne a Marseille da sunan mijina. Mutumin ya ce ciwon yana zuwa yana tafiya, ba ya sallama, kuma ba shi da ranar warkewa. Na ce ƙarya yake. Na hana Gaëtan gishiri da kofi, na dafa masa kowane ganye da tsofaffin garin nan suka ambata, na kunna kyandir a coci har limamin cocin ya fara yi mini kallon tuhuma. Shi kuwa kullum da rana, in na rufe shago, sai ya zauna a wata kujera mai juyawa, in yi ta wulwula shi, sannan ya tashi ya bi layin da na ja da fulawa a ƙasa. Wata rana ya bi shi sak, mu rungume juna. Washegari ya yi karo da bango. Maïté tana tsaye a ƙofa tana kuka, ba ta san wanda za ta roƙa a cikinmu ba.

Ana gab da komawarsa, ya ɗauko mini tire daga tanderu. Bai kai teburi ba ya faɗi, burodi ya watse, ƙarfen ya ƙone masa hannu. Na durƙusa kansa, sai na ji muryar nan.

"Ɗaki na juyawa hagu. Kunne na ƙara. Ba na ganin ƙofa. Hannu ba ya bin umarni."

"Yi shiru, don Allah! Ba wanda ya gani."

"Ni na gani, Yaya."

"To sai me? Kai kaɗai ne mai ciwo a duniya? Ka tafi, in ka dawo ka faɗa musu!"

"Ni ne zan riƙe kumbon in na'ura ta ƙi wajen saukowa. Mutum biyu ne a gefena." Idonsa a rufe ya ci gaba. "Da jirgi ne ya yi haka, da tuni na faɗa."

Na zage shi. Na ce masa wawa, na ce ya zubar da rabin rayuwarsa a kwata, na riƙe masa riga har ta yage. Da jirin ya sake shi ya tashi, ya karkaɗe fulawar jikinsa, ya ɗauki wayar shago ya kira likitansu. Ina tsaye ya zayyana masa komai dalla-dalla, bai rage ko ɗaya ba.

Wani suka tura. Ranar tashin kumbon duk garin yana gaban talabijin, shi yana nan yana taya ni kwaɓa fulawa. Jirgin ma ba su sake barinsa ya tuƙa ba.

Yanzu malamin kimiyya ne a sakandaren garinmu, kuma yara na sonsa kamar me. Bara ya gayyace ni bikin buɗe aji. Na zauna a baya da kwandon burodi. Wata yarinya sabuwar zuwa ta ɗaga hannu.

"Malam, an ce kai ɗan sama-jannati ne. Yaya duniya take daga can?"

Ashe kowace shekara sai an yi masa wannan tambaya. Ya yi murmushi, ya ajiye alli.

"Ban je ba," in ji shi. "An shirya ni, amma ban je ba. Ku buɗe littafinku."

Yaran suka hau buɗe littafi, malaman da ke gefe suna gyaɗa kai, wai dubi mutumin da ya haƙura ya manta. Ni kuwa na tashi na fita da kwandona, don a ɗakin nan ni kaɗai na san wace murya ce ya yi magana da ita.