Kokawar da Na Yi da Ɗan Mongoliya

A babban asibitin da ke Camberwell, aikina shi ne tura gadajen marasa lafiya, daga ɗakin kwana zuwa ɗakin hoto, daga can zuwa ɗakin tiyata, in dawo da su in Allah ya sa an gama lafiya. Gado mai nauyi mutum biyu ke tura shi, ɗaya a kai, ɗaya a ƙafa. Wanda aka fi haɗa ni da shi wani mutumin Mongoliya ne, gajere kakkaura, wanda ya tashi cikin tumaki da dawaki kafin rabo ya kawo shi Landan. Na girme shi, don haka yakan kira ni da wata kalma ta yarensu da ya ce ma'anarta Yaya. Da Turanci muke magana, nasa a karye, nawa a karye, kuma muna fahimtar juna sarai.

Wata rana muka ɗaga wani ƙaton majinyaci daga kujera zuwa gado. Da muka fito sai abokina ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Yaya, kai ɗan kokawa ne."

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

Ya ce, "Ƙugunka. Sauran mutane da baya suke ɗaga kaya, shi ya sa kullum suke ciwo. Kai daga ƙugu kake ɗagawa."

Gaskiya ya faɗa. A ƙauyenmu, can ƙasar Kabi, da zarar an kai amfanin gona gida sai a share fili a fara kokawa, kuma tun da na zama saurayi har na bari, ba a taɓa kai bayana ƙasa ba. Ban bar ta don an fi ƙarfina ba. Karatu ne ya ja ni birni wajen wani malami, wanda ya koya mini fiƙihu, ya kuma gyara mini hannu a rubutun ajami. Malamin nan yana da wata ɗabi'a: ba ya yarda almajirinsa ya durƙusa masa. In ka sunkuya sai ya kamo haɓarka ya ɗago, ya ce ka ajiye wannan sai ka je gaban Mahaliccinka. Ɗabi'ar ta shige ni. Ina gaida manya da hannu biyu, ina zama ƙasa in suna kan kujera, amma kaina ban ƙara sunkuyar wa ɗan Adam ba.

Da bazarar Turawa ta shigo, abokina ya ce mutanensu na Landan za su yi bikinsu na shekara. Nadam suke kiransa. A can ƙasarsu wasa uku ake yi, kokawa da tseren dawaki da harbin baka, makiyaya su taho daga nesa da iyalansu. A nan kuwa wani filin shaƙatawa suke kamawa na yini guda. Ya ce 'yan kokawarsu ba su da yawa, kuma dole adadin ya tashi bibbiyu, ga shi sun rasa mutum ɗaya.

Ya ce, "Ka shiga, Yaya. Mu ba ma duba nauyi, ba ma duba shekaru."

Jinina ya motsa. Na miƙa masa hannu, ya riƙe, magana ta ƙare.

Sai bayan kwanaki, muna shan shayi lokacin hutu, ya buɗe wayarsa ya nuna mini yadda ake yi a can gida. Na ga ƙarti cikin wata 'yar riga mai hannuwa wadda ta bar ƙirji a buɗe, an ɗaure ta da igiya a ciki, ga ɗan kamfai, ga manyan takalman fata. Wannan bai dame ni ba, na ce zan sa dogon wando a ƙarƙashi in rufe daga cibiya zuwa gwiwa, ya ce ba wanda zai hana baƙo. Abin da ya tsaya mini shi ne ƙarshen karawar. Wanda ya yi nasara ya buɗe hannuwansa, wanda aka kayar ya kwance igiyar rigarsa, ya sunkuyar da kai ya wuce ta ƙarƙashin hamatarsa, shi kuma ya ɗan bugi bayansa.

Na ce, "Wannan dole ne?"

Ya ce, "Ita ce kokawar. Wanda bai yi wannan ba, ai faɗa ya zo yi."

Na ajiye kofin shayina. Ya riga ya shaida wa dattawansu cewa ya samo gwani daga Najeriya, sun kuma sa ni cikin lissafi. In na janye na kunyata shi. In na roƙi a ɗauke mini, kamar na ce al'adarsu ƙazanta ce.

Da na koma flat ɗinmu na gaya wa maiɗakina. Ita ba ta taɓa ganin kokawata ba, don na aure ta ne bayan na zama mutumin littafi.

Ta ce, "To ka ce masa ka fasa mana, Malam."

Na ce, "Na riga na ba shi hannu."

"In aka kayar da kai fa?"

"Wanda aka kayar ne ke sunkuyawa. Ni ba za a kayar da ni ba, in sha Allah."

Ta ajiye ludayin da ke hannunta ta dube ni. Ta ce, "Gwiwar nan da nake gasa maka da ruwan zafi ita ce za ta shiga kokawa? Allah ya kai mu, zan sa sabon mayafina."

Ban ji haushi ba, don na san abin da na sani. Ƙarfi yana raguwa, amma dabara ba ta barin jiki.

Ranar bikin muka hau bas ni da ita da 'yarmu. Tun daga bakin filin muka hango wata farar bukka mai zagaye, da tutoci, da mata cikin dogayen riguna masu sheƙi, an ɗaure ƙugu da ɗamara mai launi. A jikin wani ƙyalle an yi rubutu da haruffansu na gargajiya, wanda ke saukowa daga sama zuwa ƙasa. Na karkata kai na dube shi a kwance, sai na ga haruffan suna riƙe da juna kamar namu, har da 'yan haƙora da wutsiyoyi, amma ko ɗaya ban karanta ba. Babu dawaki, don council, hukumar unguwar, ba ta yarda ba, sai yara aka sa suka yi tseren ƙafa iyayensu na yi musu kuwwa. A gefe guda maza da mata suna harbin baka, a wani gefen tsofaffi sun durƙusa suna harba ƙashin idon sawun tunkiya da yatsa, da natsuwa kamar masu shari'a.

Matar abokina ta tarbe mu da shayin madara mai gishiri da wani soyayyen fulawa mai nama a ciki. Kafin in tambaya ta ce naman daga mahaucin Musulmi na Peckham ta sayo shi saboda mu. Maiɗakina ta kurɓi shayin ta raɗa mini cewa wani ya yi kuskuren gwangwani, amma ta shanye tas.

Aka kira 'yan kokawa. Na shiga bukkar na sa rigar a kan wandona, abokina ya ɗaure mini igiyar. Kowane ɗan kokawa yana da mai tsaya masa, wanda zai riƙe masa hula ya kuma ƙarfafa masa gwiwa. Su hulunansu masu tsini ne. Ni kuwa tawa ce ta kullum, zanna, na cire na miƙa wa abokina, ya riƙe ta da hannu biyu. Ya juya ga jama'a ya ɗaga murya da yarensu, ya daɗe yana magana cikin wata irin waƙa. Ban ji ko kalma ba, amma duk wanda ya tashi a bakin filin kokawa ya san kirari in ya ji shi.

Daga nan sai rawar mikiya, wadda kowa ke yi kafin ya kama. A buɗe hannuwa a yi ta kaɗa su a hankali, ana ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Na yi iya yina. Na jiyo 'yata tana ce wa uwarta da Turanci ta riƙe ta kar ta faɗi.

Abokin karawata saurayi ne da bai fi sa'ar ɗana na fari ba, mai wuya kamar turmi. An ce gini yake yi a Croydon. Na yi bisimilla muka shiga. Ya kamo igiyar cikina da hannun riga, ni kuma na nemi ƙugunsa. Da jin riƙonsa na san ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba, na kuma san yana sauri, don yana ganin furfurata. Ya tura, na ba shi hanya. Ya sake turawa, na sake ba shi. Muka yi ta zagaye, numfashina yana ƙaruwa, amma hankalina a kwance. Ina jiran abu guda ne, wanda kowane mai ƙarfi yake yi in ya gaji da jira: ya zuba nauyinsa duka a ƙafar gaba.

Ya zuba. Na kauce, na sa masa taɗiya ta ciki, na danna ƙeyarsa. Sai ga shi ya tafi gaba, ya dafa ciyawa da tafin hannunsa biyu.

A ƙauyenmu, wanda ya dafa ƙasa ya faɗi. Ba sai an kai bayansa ba. Makaɗa su canza kiɗa, kai kuma ka sake shi nan take, don ci gaba da danne wanda ya dafa rashin tarbiyya ne. Jikina bai nemi shawarata ba. Na sake shi, na miƙe, na juya wajen maiɗakina ina ɗaga hannu.

Na ga bakin abokina yana motsi, yana daka tsalle da hulata a hannu. Kafin in gane abin da yake faɗa, sai na ji an rungumi cinyoyina ta baya, ƙasa ta bar ƙafafuna, na ga sararin samaniya da wani jirgi yana wucewa. Bayana da ba a taɓa kai shi ƙasa ba ya sauka a ciyawar Landan, gaba ɗayansa.

Abokina ya tsuguna kusa da ni. Ya ce, "Yaya, me ya sa ka sake shi? Tafin hannu ba kaye ba ne. Sai gwiwa, ko gwiwar hannu, ko baya."

Na ce, "Ba ka gaya mini ba."

Ya ce, "Ba ka tambaya ba. Ka ce kai gwani ne."

Na ɗauka kokawa ɗaya ce a duk duniya, alhali kowace ƙasa da inda take sa iyakar faɗuwa. Saurayin bai cuce ni ba, a bisa dokarsu ya kayar da ni, kuma kaye mai kyau.

Na tashi na kakkaɓe wandona. Jama'a suna jira, saurayin yana tsaye a gabana. Yanzu abin da na ce ba zai zo ba ya zo. Na ji wuyana ya sandare. Na dubi abokina, na ga yadda ya ƙanƙame hular nan, dattawansu kuma suna zaune a bayansa suna kallo. Da ƙafata na shigo filinsu, na sa rigarsu, na ci abincinsu. Na ce a zuciyata, Ya Allah, ka san wannan ba ruku'u ba ne, ba kuma bauta ba, cika alkawari ne. Na sa hannu na kwance igiyar cikina, na tako gaba.

Saurayin bai buɗe hannuwansa ba. Ya dafa kafaɗata ya tsayar da ni. Ya kwance tasa igiyar, ya kamo hannuna na dama ya ɗaga shi sama, sannan ya sunkuyar da wannan ƙaton wuyan ya bi ta ƙarƙashin hamatata.

Na tsaya da hannu a sama kamar wanda ke jiran bas. Abokina ya matso ya raɗa mini, "Bugi bayansa, Yaya."

Na ce, "Ai shi ya ci."

Ya ce, "Shi ya ci, kuma shi zai wuce zagaye na gaba. Amma ya ji abin da na faɗa a kanka, ya kuma ga gemunka. A wurinmu ƙarami ba ya buɗe wa babba hannu, ko da ya kayar da shi. Bugi bayansa, mutane na jira."

Na sauke tafina a tsakiyar bayansa, jiƙe da gumi. Abin da ya fito daga bakina da Hausa ya fito, irin wanda nake ce wa 'ya'yana: Allah ya yi maka albarka. Bai ji ba, amma ya gyaɗa kai. Aka sa masa hularsa ya tafi yana rawar mikiya, jama'a na tafi. Abokina ya ɗora mini tawa, ya ɗan karkata ta yadda ya saba ganina da ita.

Na sha tunanin wannan tsayuwar daga baya. Ba zan ce na ƙi sunkuyawa ba, don na riga na tako. Ba kuma zan ce na sunkuya ba, don an riga ni. Allah ya ga niyyata, ya kuma ɗauke mini aikin ta hannun wani yaro da ban san sunansa ba, wanda iyayensa suka koya masa ganin girman furfura a wata ƙasa mai nisa.

Da la'asar ta yi, na nemi gindin wata bishiya a ƙarshen filin. Maiɗakina ta shimfiɗa mini darduma, tana cire mini ciyawa daga bayan riga, kafaɗunta na rawa don dariyar da take dannewa. Na duba alƙibla a waya na tayar da salla. Da na zo ruku'u, ƙuguna ya ba ni labarin duk abin da ya faru da shi. Na sunkuya a hankali, na daɗe ban ɗago ba.