Gayyar Ƙanena

Ƙanena mutumin kirki ne, kuma kirkin nan nasa ne ya kusa kashe mu da yunwa. Bayan rasuwar maigidana na dawo gidanmu a Malikanchi da 'ya'yana, muka haɗa tukunya da iyalinsa. Gona ɗaya mahaifinmu ya bari, ta masara, kuma abin da ta bayar shi za mu ci har wata damina. In rumbu ya cika mun tsira, in bai cika ba sai yadda Allah ya yi da mu.

Bakinsa dai bai iya cewa a'a ba. Shi ne ɗan kwamitin masallaci, shi ne mai sasanta manoma da makiyaya, shi ne ɗan rakiyar neman aure, ga acaba da yake taɓawa ran kasuwar Ikara. Wayarsa ba ta yin shiru sai in caji ya ƙare.

A wajenmu gayya ba ɓoyayyen abu ba ce: ka je ka duƙa a gonar mutum har a tashi, ranar taka shi ma ya zo ya duƙa. To, ƙanena sai ya fito da nasa salon. Duk wanda ya kira gayya, ya amsa. Da sassafe zai ɗaure fartanya a bayan babur, ya faɗa gonar maƙwabci, ya gaida kowa har da tambayar lafiyar kakanni, ya nome rabin kunya, ya sha kunu, ya ce, "Ku yi haƙuri, ana jira na a Gubuchi." Can ma haka. Kafin azahar ya leƙa ta surukansa a wajen Kudan, ya iso daidai lokacin sauke tuwo.

Na ce masa, "Kai, wannan yawon naka noma ne ko gaisuwar sallah?"

Ya ce, "Haba Yaya, ba ki san zumunci ba ne. Ki bari ranar tawa ta zo, gonar nan ba za ta ɗauki mutane ba."

Har yakan yi wa wani maƙwabcinmu dariya, wai ba shi da jama'a, don shi gayyar mutum ƙalilan yake zuwa, ya wuni a duƙe kamar an dasa shi. Ni dai na ga ranar gayyar mutumin: 'yan tsirarun nan suka share masa gona tas kafin la'asar.

Tamu kuwa ciyawa ta riga ta kai wa masara wuya, don maganin feshin da ya ce zai sayo yana can kanti, shi kuma yana wajen sulhu. Da ya sa ranar gayyarsa, ni da matarsa muka daka, muka tuƙa, muka kaɗa miyar kuka har hannuna ya ƙage. Na ɗauki abincin da kaina na kai gona, ina alfahari.

Gaskiyarsa, jama'a sun zo. Babura reras a bakin hanya, sai ka ce ɗaurin auren ɗan siyasa. Kowa ya gaishe shi cikin ladabi, ya tambayi iyali, ya nome rabin kunyarsa cif, ya zauna ya ci tuwona har da neman ƙari. Sannan ɗaya bayan ɗaya suka karkaɗe riguna.

"Malam, ka yi haƙuri, ana jira na a wani wuri."

Ba wanda ya yi fushi, ba wanda ya ɗaga murya. Abin da ya kai musu suka dawo masa da shi, ba ragi ba ƙari. Rana ba ta kai tsaka ba gona ta koma daga ni sai shi sai tukwane wayam. Wallahi raina ya ɓaci, amma da na ga yadda ya tsaya riƙe da fartanya yana kallon ciyawa, sai tausayinsa ya kama ni. Ɗan gefen da ya iya nomewa shi kaɗai a kwanakin da suka biyo baya, shi ne ya yi zangarniya. Sauran masarar ta tsaya a ƙanjame, ciyawa ta gama da ita.

Tun kafin zafin bazara ya sauka muka ga ƙasan rumbu. A cikin kwanakin ne wani dattijon Bafulatani ya yi sallama a ƙofar gida, ɗauke da ƙwaryar nono. Ina daga bayan zana ina jin su.

Ya ce, "Malam, godiya na zo yi. Bana kowa ya noma wa kansa, kai kaɗai ka tuna da dabbobi. Ciyawar harkiyar da na yanka a gonarka ita ta fitar mini da shanu daga rani. Allah ya maimaita mana."

Ƙanena ya ce amin a hankali, don ko a nan bakinsa bai iya musu ba. Ni kuwa na yi dariya har hawaye suka zubo, daga nan kuma dariyar ta tafi ta bar ni da hawayen. Na miƙa hannu na karɓi ƙwaryar na raba wa yara, don ranar ba mu ɗora tukunya ba.