Sawun da Sahabi ya yi ta jira

Bana shekara goma sha uku ke nan da rasuwar ƙanena Sahabi. Ba na mantawa, domin a shekarar ne mutanen Mali suka fara sauka Abala da jakunansu da 'ya'yansu. Har yau idan aka ambace shi a kasuwar Filinge, sai wani ya ce mutumin kirki ne, amma ya ƙarar da ransa wajen neman abin da babu. Maganar nan ta daɗe tana cina.

Zamanin soja ya tafi Turai karatu. Da labari ya zo cewa yana aiki a ƙarƙashin wani dutse, inda rana ba ta shiga, kusa da akwatin da ya fi ƙanƙara sanyi, Inna ta ce ita ba yarinya ba ce, tsare shi aka yi. A lokacin kowa ya san wani da aka ɗauka aka daina jin ɗuriyarsa. Sai da ya zo hutu da ƙibarsa ta yarda.

"To mi kuke haƙa can, in ba kaso ba ne? Zinariya?"

"Ba mu haƙa komi, Inna. Jira muke."

Ya ja mu bakin rumbu. A nan ƙasarmu Kurfai idan gero na raguwa ba a san mai ɗiba ba, sai a share rairayin da ke kewaye da rumbu ya yi sumul, da safe a duba sawu. Ya ce aikinsu ke nan. Taurari na juyawa kamar wani nauyi mai yawa na riƙe da su, amma ba a ganinsa. Sai suka samo wani ƙarfe mai tsabta, girmansa kamar dunƙulen hannu, suka sanyaya shi har komai a cikinsa ya kusa daina motsi. In ƙwayar abin nan ta buge shi, zai ɗan yi ɗumi, na'ura ta rubuta. Dutsen kuwa shinge ne, don kada tarkacen da ke zubowa daga sama ya tattake wurin.

"Kun ga sawun?" in ji Inna.

"Tukuna."

"To ko ɓarawonku tsuntsu ne."

Ya yi dariya har ya zauna ƙasa, ya ce ko cikin manyan malamansu akwai masu irin wannan zato.

Bayan rasuwarsa na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata. Kwanan baya malaminmu ya nemo mini labarin aikin su Sahabi a wayarsa. Na'urorin sun ƙara girma, sun ƙara ji, kuma har yanzu babu sawu. Me Sahabi zai ce? Zai karaya ne, ko zai nemi rairayi mafi laushi? Ina yawan juya wannan a gona. Abin da na sani a matsayina na manomi shi ne rairayin da ya kwana ba sawu ma ya faɗi wani abu. Ya wanke jaki, ya wanke maƙwabci, ya ce a duba wani wuri. Wannan nake faɗa wa masu magana a kasuwa yanzu. Wasu su gyaɗa kai, wasu su ci gaba da awon geronsu.

Sahabi ya bar mata ɗaya da 'ya'ya mata biyu. Inna ta bi shi da damina ta gaba. Ni kuwa na rasa ƙane ɗaya, na kuma rasa mutum ɗaya tilo a Kurfai da zan tambaya, yanzu da na fara sanin abin tambaya.